Yadda Ake Koyar da Labarin Iyalan da Suka Komo daga Babila

Malamin da ke jagorantar nazarin Littafi Mai Tsarki a Gombe ya kamata ya fara da Ezra sura ta 1, inda Sairus, sarkin Farisa, ya ba Yahudawa izinin komawa Urushalima wajen shekara ta 538 kafin haihuwar Almasihu. Daga nan sai a karanta sura ta 2 tare da Nehemiya sura ta 7, domin dukansu sun jera sunayen iyalan da suka komo, sun kuma ce jimillar jama'ar 42,360 ce, ko da yake adadin wasu iyalai ya bambanta. Kada yawan sunaye ya sa a tsallake su. A tsaya a kan firistocin da aka hana su aiki saboda ba a sami asalinsu a rubuce ba, sannan a tambayi ɗalibai yadda dattawan Kaltungo ke tabbatar da asalin gida.