Babi na Shida: Hawa Babur a Tsakanin Direbobin Ganganci

Darasi na Ɗaya: Kafin ka tayar

Sannunku da ƙoƙari. Wannan babi na duk mai hawa babur ne, ko ɗan acaɓa, ko mai zuwa gona, ko mai kai yara makaranta. Karanta a hankali. In kalma ta yi maka wuya, sa yatsa a kanta ka sake karantawa. Ba a jin kunyar maimaici a ajin nan.

Fara da hular kwano. Tun ranar 1 ga Janairun 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sa ta a Najeriya. A lokacin har ƙwarya wasu suka riƙa kifawa a ka don su wuce jami'ai. Ƙwarya ba ta tare kwalta. Sa hula ta gaske, ka ɗaure igiyarta a ƙarƙashin haɓa, yadda yatsu biyu kawai za su iya shiga. Hular da ba a ɗaure ba takan fice tun kan mutum bai kai ƙasa ba.

Sai madubi. Na san da yawa kun kwance naku, wai yana tare hanya a cunkoso. Ku mayar, duka biyun. Hau babur, zauna yadda ka saba zama, ka juya kowane madubi har ka ga ɗan gefen hannunka, sauran kuwa hanyar da ke bayanka.

Darasi na Biyu: Waiwaye

Nan ne aikin yake, don haka za mu daɗe a nan.

Me ake nufi da karkata? Duk lokacin da ka bar layin da kake bi, ko da taku ɗaya ne, ka karkata. Kauce wa rami karkata ce. Wuce Adaidaita Sahun da ya tsaya ɗaukar fasinja karkata ce. Shiga kwana, da tashi daga bakin hanya bayan ka sauke mutum, duk karkata ce.

Kafin ka karkata, duba madubi. Sannan kunna sigina. Sannan juya kanka, haɓarka ta nufi kafaɗar ɓangaren da za ka, ka gani da idonka, ka dawo da fuska gaba. Wannan shi ne waiwaye. Sai bayan ka waiwaya za ka karkata.

Kullum sai wani ya ce, "Malam, ai na duba madubi." Madalla, ka yi rabin aiki. Amma madubi ba ya nuna komai da komai. Wata Asabar a filin makaranta na sa wani ɗalibi ya zauna a kan babur ɗinsa, na koma bayansa ta hagu kamar taku uku, na ɗaga jar hulata sama. Na ce, me ka gani? Ya ƙura wa madubi ido, ya ce, "Bishiyar darbejiya ce kawai, Malam." Na ce to waiwaya. Da ya juyo ya gan ni dab da shi, sai ya yi salati. Inda na tsaya ɗin nan mota guda takan ɓuya. Ku gwada da ɗan'uwanku a gida, kowa ya gani da kansa.

Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 cikin daƙiƙa ɗaya. Wato wadda ka hango can nesa a madubi, kafin ka gama tunani ta iso kafaɗarka. Direban kuma wataƙila waya ce a kunnensa, ko yana ƙirga canji. Ba kai yake kallo ba. Shi ya sa za ka waiwaya.

Mu sake. Madubi. Sigina. Waiwaye. Karkata. Faɗa da bakinka. In za ka hagu, kafaɗar hagu. In za ka dama, kafaɗar dama. Kada ka daɗe kana kallon baya, ƙiftawar ido ta isa, domin gaba ma tana jiranka. Kan ne kawai zai juya, hannuwa su riƙe kan babur sak. Da farko babur zai so ya bi kanka, kada ka damu, kowa haka ya fara. Maimaita a fili, a giya ta ɗaya, har hannu ya daina bin kai.

Sigina ba izini ba ce. Ka kunna, ba lallai an gani ba. Miƙa hannu ma haka. Hon ma haka. Bayan duk waɗannan, waiwaya.

Yanzu bari in faɗa muku abin da ke damuna. Mako uku muna kan wannan, amma jiya a bakin kasuwa na ga biyu daga cikinku sun sauke fasinja, sun fizgi babur sun faɗa titi ko kallon kafaɗa babu. Haba jama'a! Ku magidanta ne, ana jiran cefanenku. Kada wanda ya ƙara ce mini "ai hannuna ne" ko "ai shi ne da laifi". In mota ta kwashe ka, gaskiyarka ba za ta ɗora maka ƙafa ba. Mai shakka ya je Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ya tambayi masu kwance yadda aka yi. Muna cewa Allah ya kiyaye, kuma shi ne mai kiyayewa, amma shi ya ba ka wuyan da ke juyawa. Waiwaya.

Darasi na Uku: Manyan motoci

Tirela, tanka da tifa suna da wuraren da direba ba ya gani ko da mai hankali ne. Dubi madubinsa. In ba ka ga fuskarsa a ciki ba, shi ma bai gan ka ba. Kada ka kutsa tsakanin tirela da bakin hanya in ta doshi kwana ko shataletale, domin tayoyin baya sukan yanko ciki su rufe wurin. Tsaya ta wuce. In za ka wuce ta a miƙaƙƙiyar hanya, ta hagu za ka bi, kuma ka san abin da za ka fara yi: madubi, sigina, waiwaye.

Darasi na Huɗu: Tazara da birki

Kada ka manne wa motar haya ko Adaidaita, sukan tsaya ba sanarwa. In na gabanka ya wuce falwaya, ƙirga ɗaya, biyu, uku a natse kafin kai ka iso ta. Birki kuma biyu gare ka, na hannu da na ƙafa. Matsa su tare, a hankali, ban da fizga.

Darasi na Biyar: Dare da damina

Kunna fitila, sa riga mai haske. Farkon ruwa kwalta na santsi, rage gudu. In hatsari ya faru, lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra 122 ce.

Aikin gida

Rubuta wannan sau goma a littafinka: "Zan waiwaya kafin in karkata." Ranar Asabar a haɗu a fili da ƙarfe takwas. Wanda bai mayar da madubinsa ba kada ya zo da babur.