Farautar baƙin beyar da kayak a Alaska: inda shiri ke lalacewa

Mashigin tekun Prince William da ke kudancin Alaska na cikin wuraren da aka fi zuwa farautar baƙin beyar ta ruwa. A watan Mayu dabbar tana fitowa daga ramin da ta kwashe hunturu a ciki, yunwa ta gallabe ta, sai ta sauko bakin teku tana kiwon sabuwar ciyawa. Kayak, wato siririn kwalekwalen nan mai rufaffen sama da ake tuƙawa da filafili mai baki biyu, ba ya ƙara kuma yana shiga lungun da jirgi mai inji ba zai shiga ba. Yawancin masu shirya irin wannan tafiya hankalinsu na kan bindiga da inda za a ga dabba. Aikin kuwa yana farawa ne bayan harbi, lokacin da mutum ke tsaye kan gawar da ta kai nauyinsa ko ta fi, ruwa yana cikowa, gida kuma na da nisan yini biyu.

Kuskuren farko a gida ake yinsa, wajen lissafin nauyi. Kayak na mutum ɗaya mai tsawon mita 5 zuwa 5 da rabi kan ɗauki kilo 150 zuwa 180, har da mai tuƙi. Mu ce kai kilo 80 ne, tanti da abinci da tufafi da bindiga da ruwan sha sun kai kilo 50, ga gishirin gyaran fatar dabbar kilo 10. Tun ba ka ga dabba ba ka kai 140. Matsakaicin namiji, idan aka cire ƙashi, namansa da ɗanyar fata da ƙoƙon kai za su iya haura kilo 60. Ina za ka sa su? Masu ƙarancin sani sukan ɗaure ragowar a saman jirgin, kuma nan ne hatsarin yake, domin nauyi a sama yana sa kayak ya riƙa tangaɗi, igiyar ruwa ɗaya daga gefe ta isa ta kifar da shi. Gyaran shi ne a fara lissafi daga dawowa. Ko ku tafi ku biyu da niyyar dabba ɗaya ku raba kayan, ko ku ɗauki kayak mai kujera biyu, ko ku yi yarjejeniya da jirgin haya daga garin Whittier ko na Valdez ya sauke ku a sansani ya dawo ya kwashe ku, kayak ya zama na zagayen yini kawai. Wannan na ƙarshen shi muka fi ba wa sabon shiga shawara, ko da ya fi tsada.

Akwai kuma abin da ma'auni ba zai nuna maka ba: bakin ma'ajiyar kayak ƙarami ne. Cinya guda ba ta shiga. Sai an yanka naman gunduwa-gunduwa, kilo 4 zuwa 5 kowace, a tura mafi nauyi ƙasa kusa da kujera, marar nauyi can ƙurya. Kafin tafiya, cika jakunkuna da yashi daidai nauyin da kake tsammani, ka loda, ka tuƙa awa ɗaya a ruwa mai kwanciya. Jirgin da ya cika ba ya juyawa da wuri, kuma gara ka gano haka kusa da gaɓa.

Sai doka, wadda mutane ke karantawa rabi. Hukumar kifi da namun daji ta jihar Alaska ta raba jihar gida-gida, kuma mafi yawan wannan mashigin yana yanki na 6D. A can haramun ne harbin baƙin beyar daga cikin jirgi, kayak ma jirgi ne. Dole ka sauka ka taka ƙasa. Wanda ba ɗan Amurka ba kuma ba mazauninta ba, ba ya farautar manyan namun daji a Alaska sai da jagora mai lasisi, don haka mai tasowa daga Kano ko Yamai ya fara neman jagora kafin ya nemi jirgi. Ba a harbin ɗan beyar ko uwar da ke tare da 'ya'ya. Wanda ya shiga yankin da ƙaramin jirgin sama na haya ba ya farauta sai bayan ƙarfe 3 na daren da ya biyo baya. Daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Mayu wajibi ne a kwaso naman, ba fata kaɗai ba. Wanda ba ya cin naman dabba mai fiƙa saboda addini, wajibin nan bai sauka daga kansa ba. Zai ɗauko ya bayar kyauta, sayarwa kuma haramun ce. Fata da ƙoƙon kai ana kai su ga jami'i ya sa musu hatimi cikin kwana 30, kuma dole alamar jinsi ta kasance manne da fatar. Da yawa sukan yanke ta wajen fiɗa ba su sani ba. Ranakun buɗewa da rufewa da irin takardar izini suna sauyawa, saboda haka littafin dokokin shekarar da za ka tafi shi ne abin dogaro, ba na bara ba. Duba taswirar mallakar ƙasa ma: yawancin gaɓar dajin gwamnati ne na Chugach, amma akwai filayen kamfanonin 'yan asalin Alaska da ba a shiga sai da izini. Kada kuma ka nufi tsibiran Montague da Hinchinbrook neman baƙin beyar, can jan nau'in ne mai girma, dokarsa daban.

Cikowar teku ita ta fi cin mutane. Sau biyu a yini ruwa yake cika ya janye, tazarar kan kai mita 4, ta wuce haka a lokacin sabon wata da tsakiyarsa. Ba ya tafiya da sauri ɗaya. Cikin awa shida na cikowa, awa ta uku da ta huɗu ne rabin ruwan ke shigowa, wato kusan mita guda a tsaye kowace awa. A shimfiɗaɗɗen bakin gaɓa, irin wanda beyar ke kiwo, wannan na nufin ruwan zai ci taku da yawa kafin ka gama feɗe ƙafa ɗaya. Mafarauci ya hango dabba, ya ja kayak kan tsakuwa kaɗan, ya ce yanzu zan dawo. Bayan awa biyu ya tarar jirgin yana yawo tsakiyar ruwa da rediyo da busassun tufafi a ciki. Akasin haka ma na faruwa: ka sauka ruwa na cike, ka dawo ka ga laka mai nisan mita 300 tsakaninka da teku, ga kilo 60 a bayanka. Magani ba wuya. Igiya mai mita 15 zuwa 20 a hancin jirgi, a ɗaure ta a bishiya ko babban dutse duk lokacin da aka sauka, ko na minti biyar ne. Jadawalin cikowa a buga shi a takarda a sa a leda, kada a dogara da waya. Lokacin cikowar yana jinkirta da kusan minti 50 kullum, kuma cikowa biyun ba daidai suke ba, babbar na iya faɗowa tsakar dare. Wurin kafa tanti ya zama sama da layin busasshen ganyen teku mafi tsayi, ba wanda ka gani ɗanye da yamma ba. Idan ciyawar wurin ta kwanta gefe ɗaya kuma tana da ɗanɗanon gishiri, ruwa na zuwa nan.

Tufafi kuma a sa su don ruwan, ba don iskar ba. A Mayu rana na iya yin daɗi har mutum ya tuɓe riga, amma ruwan bai fi digiri 5 zuwa 7 a ma'aunin Celsius ba. Wanda ya faɗa ciki, minti na farko numfashi ne ke ƙwace masa, cikin kamar minti goma yatsu su daina riƙo. Rigar roba mai rufe jiki daga wuya zuwa ƙafa wadda ruwa ba ya shiga, da rigar ceto a ɗaure, su ne kayan tuƙi. Dogon takalmin shiga ruwa mai kaiwa ƙirji, wanda mafarauta ke so, ba a tuƙi da shi. Auduga a bar ta gida, ulu da na roba su ke riƙe ɗumi in sun jiƙe, kuma za su jiƙe, don Whittier na samun ruwan sama da ƙanƙara kusan milimita 5,000 a shekara. Ku koyi mayar da juna cikin jirgi bayan kifewa, da jirgin a lode, kafin ranar tafiya.

Jadawali mai matsi shi ke tura mutane tsallaka ruwa ranar da bai kamata ba. Kayak mai kaya na yin kilomita 5 a awa in ruwa ya kwanta, kilomita 20 a yini ya isa. A kan farautar kwana bakwai a ƙara kwana biyu ko uku na zaman jiran iska, da abincinsu. Iska ta haura kilomita 28 a awa, a zauna. Kusa da tsaunukan ƙanƙara iska mai sanyi kan gangaro ba zato ko da sama garau take, kuma a bar aƙalla mita 800 tsakani da fuskar ƙanƙarar, don guntun da ya ɓalle yana tayar da igiyar da ke hawa gaɓa. Waya ba ta kamawa a yawancin lungunan. Rediyon VHF, wato na sadarwar jiragen ruwa, mai tashar gaggawa ta 16, da na'urar saƙo ta tauraron ɗan'adam su kasance a jikin rigar ceto, ba cikin ma'ajiya ba.

Wajen harbin kansa gaggawa ce matsala. Duk beyar ƙato ne a idon wanda bai saba ba. Ƙarami kunnuwansa dogaye ne suna tsaye kusa da juna, ƙafafu kamar sun yi masa tsawo. Babban namiji kunnuwansa ƙanana ne can gefen kai, ciki ya kusa taɓa ƙasa, tafiya da rangaji. A zauna da madubin hangen nesa aƙalla minti 20, domin uwa kan tura 'ya'yanta kan bishiya ta fito kiwo ita kaɗai. A sauka mita 400 zuwa 500 ta inda iska ke kaɗowa daga dabbar zuwa gare ka, hancinsa ya fi idonsa nesa ba kusa ba. Bindiga mai harsashi samfurin .30-06 ta wadatar, a matso cikin mita 150, a jira ya ba da gefe. Kitse da gashi suna toshe rauni, jini ba ya zuba sosai, kuma wanda aka raunata kurmi yake faɗawa inda ba ka ganin taku uku gabanka. Gishirin teku na sa tsatsa cikin dare ɗaya: bindiga a jakar da ruwa ba ya shiga, babu harsashi a baki, a manne bakin da salatif, a goge ta da mai kowace yamma. Kafin ka ja kunama, dubi agogo da jadawalin ruwa. Fiɗa da cire ƙashi na cin awa biyu zuwa uku ga mutum biyu.

Nama mai ɗumi ba a sa shi a leda. A zuba shi a jakunkunan yadi, a rataye ƙarƙashin tamfol inda iska ke ratsawa, mita 100 daga tanti, sai lokacin tsallakawa a mayar cikin jakar roba, a fito da shi da an isa. Fata kuma gashinta ke zubewa in aka yi sakaci da ita, ta fara daga kunnuwa da tafin ƙafa. A cire ƙoƙon kai, a juya kunnuwa, a tsaga leɓɓa, a zare ƙasusuwan yatsu, a kankare kitse sarai, don gishiri ba ya ratsa kitse. Sannan a goga lallausan gishiri har gefuna, a naɗe ta a karkace ruwan ya tsiyaye, bayan awa 24 a kakkaɓe a sake sabo. Naman beyar na ɗauke da tsutsar trichinella mai sa mutum ciwo, irin ta arewa kuma daskarewa a firji ba ta kashe ta. Sai tsakiyar naman ya kai digiri 74 a ma'aunin Celsius wajen dafuwa ake ci, kuma ba a yin kilishi ko busasshen nama da shi ɗanye.