Yadda Za Ki Gyara Tsarin Saƙar Riga Ta Zauna Daidai Jikinki

Wadda ta rubuta tsarin saƙar da kika samo a intanet ba ta taɓa ganinki ba, jikin wata ta auna. Shi ya sa za ki bi takarda ido da ido, ki shafe wata guda da kibiya a hannu, ki sa riga ki ga kafaɗa ta zubo, ƙugu kuma ya matse. Ba zan tsaya koya miki ɗora ido ko rage shi ba, na ɗauka kin wuce nan.

Ki fara da awo, amma ba inda kowa yake awo ba. Yawancin masu koyo suna zagaya tef a tsakiyar ƙirji, inda ya fi cika, su zaɓi sayis da wannan lambar. Idan ke mai cikar ƙirji ce, kin jawo wa kanki rigar da wuyanta zai yi hamma, hammata ta sauko. Ki zagaya tef ɗin ta ƙarƙashin hammata, sama da mama, da wannan lambar za ki zaɓi sayis. A kafaɗa riga take rataye, kuma nan ne gyara ya fi wuya. In kafaɗa ta zauna, sauran duk ƙari ne da ragi. Ki auna ƙugu, damtse, da tsawo daga hammata zuwa inda kike so rigar ta tsaya. Mafi sauƙi ma, ki shimfiɗa wata rigarki da kike jin daɗinta ki auna ta. Ni ba na saƙa riga ba tare da sararin santimita 5 a kan awon jiki ba.

Sai gwaji, inda kowa yake gudu, ni ma a nan na sha kashi. Kowane tsari yana faɗin ido nawa da layi nawa ne a cikin santimita 10. A matsakaicin zare da kibiya mai milimita 4, sau da yawa za ki ga ido 22. To a ce hannunki sako-sako ne, kina samun 20. Ido biyu kacal, ko? Gaban rigar da aka ce ki ɗora ido 110 don ya ba da santimita 50, a hannunki zai ba da 55. Haɗa da baya, rigar santimita 100 ta zama 110. Ki saƙa ɗan ƙyalle mai faɗin santimita 15, ki ƙirga idon a tsakiya, domin gefe yana nannaɗewa ya ruɗe ki. In idon ya gaza, ki koma ƙaramar kibiya. In ya yi yawa, ki ɗauki babba.

Kuma ki wanke ƙyallen kafin ki ƙirga. Na taɓa saƙa wa ƙanwata riga da zaren auduga, na yi gwaji tsaf, sai dai ban jiƙa shi ba don ina sauri hunturu ya matso. Ranar da ta fara sawa kamar a jikinta aka saƙa. Wanki ɗaya, ta shanya ta a igiya da ruwa a jikinta, rigar da ke tsayawa a ƙugu ta sauko har cinya, hannu ya rufe yatsu. Auduga ba ta da tsalle irin na ulu, in ta miƙe ta miƙe ke nan. Sai da na warware ta kaf, zaren duk ya lanƙwashe. Tun daga ranar nake wanke ƙyallen yadda za a wanke rigar, in shimfiɗa shi ya bushe, in rataye shi kwana ɗaya da maƙalen shanya biyu a ƙasansa, sannan in auna. Wasu na cewa asarar zare ce. Ki warware ƙyallen daga baya ki yi bakin wuya da shi. Af, ki sayi zarenki duka lokaci guda har da rarar dunƙule ɗaya, domin in kika koma kasuwa bayan mako uku da wuya rinin ya zo iri ɗaya.

In ƙugunki ya fi sama faɗi, ki ɗora ido na babban sayis ki riƙa ragewa har ki iso na kafaɗarki. Misali bambancin santimita 12 ne: a saƙa mai ido 22 a santimita 10, wajen ido 26 ke nan, ki mai da shi 24, wato 12 a gaba 12 a baya. Kina rage ɗaya a kowane gefe, sau shida ke nan. In layi 90 ne tsakanin bakin riga da hammata, ki rage a kowane layi na 14. Ki lura dai in adon yana maimaituwa a ido huɗu-huɗu, adadin da kika ɗora ya kasu huɗu-huɗu ba saura.

Mai cikar ƙirji za ta ga gaban riga yana ɗagewa. Maganinsa gajerun layuka a gaba kaɗai: ki saƙa, kafin ki kai ƙarshe ki juyo. Ki auna daga kafaɗa zuwa ƙugu ta gaba da ta baya, bambancin shi za ki ƙara. Santimita 4 a saƙa mai layi 30 a cikin santimita 10 layi 12 ne. Ki fara su kamar yatsa biyu ƙasa da hammata.

Tsawo kuwa a ƙasan hammata ake ƙara shi ko a rage, kar ki taɓa ramin hannu. Hannun riga ma haka, ki sake raba ƙarin idon a kan sabon tsawon. Wajen rufe wuya ki ɗauki kibiya mafi girma ki sassauta hannu, ki gwada shigar da kai ranar da kike da sabon kitso kafin ki yanke zare.