Yadda Ake Yanka Farashin Aikin Shirya Wasiƙu Masu Yawa a Legas

Makaranta za ta aika wa iyaye takardun sanarwa, ko kamfani zai raba wa abokan cinikinsa sabon jerin farashi, sai a kawo wa mai ƙaramin shagon buga takardu a Agege ko Obalende aikin wasiƙa 3,000: a buga, a ninke, a zuba a ambulan, a liƙe, a manna adireshi, a kai gidan waya. Inda mutanenmu suka fi yin asara shi ne wurin faɗin kuɗin ƙwadago da ka, kafin a san awa nawa aikin zai ci.

Kada ka faɗi farashi sai ka riƙe samfurin wasiƙar a hannunka. Takarda nawa ce a kowace ambulan? Ninki nawa? Ambulan ta DL, mai milimita 110 da 220, tana ɗaukar A4 da aka ninke gida 3. C5 tana ɗaukar ninki ɗaya a tsakiya, C4 kuwa ba ninki. Ninki gida 3 ya fi cin lokaci, kuma idan ya karkace takarda ba ta shiga. Sai tambayar da ta fi kowacce nauyi: wasiƙun duk iri ɗaya ne, ko kowace da sunan mai ita a ciki? Idan da suna, dole a haɗa takarda da ambulan ɗinta ɗaya bayan ɗaya, domin takardar bashin wani ta faɗa hannun wani ba ƙaramin abin kunya ba ne ga mai aikin. Wannan kaɗai yana iya ƙara rabin lokaci.

Daga nan sai gwaji. Ɗauki wasiƙa 50, ka ba ɗaya daga cikin yaran da za su yi aikin, mai matsakaicin sauri, ka danna agogon waya. A ce kowace wasiƙa takarda 2 ce, ninke su ya ci daƙiƙa 10, zubawa 6, liƙewa 5, manna adireshi 6, warewa unguwa-unguwa 3. Daƙiƙa 30 ke nan kowace wasiƙa, 3,000 kuma za su ci daƙiƙa 90,000, wato awa 25. Amma saurin da mutum ya yi a kan wasiƙa 50 na farko ba shi zai yi bayan azahar ba. Yatsu na gajiya, gefen takarda na yankar hannu, ga salla, ga cin abinci, ga ɗauko sabon kwali. Ƙara kashi ɗaya cikin huɗu, ya zama kusan awa 31.

Akwai kuma aikin da ba ya ƙaruwa ko raguwa sosai da yawan wasiƙu, shi ne ake mantawa. Jerin adireshi da mai aiki zai turo kusan bai taɓa zuwa a tsabtace ba: suna ɗaya sau biyu, titi ba lambar gida, wani an rubuta "kusa da masallacin Juma'a" kawai. A Legas sunan titi ɗaya yakan maimaitu a unguwanni daban-daban, saboda haka sai an cike unguwa da ƙaramar hukuma, da lambar gidan waya mai alƙaluma 6 idan akwai. Ware wa wannan awa 4. Saita firinta da buga gwaji awa 2, ƙirga ta ƙarshe da ɗaurewa ɗari-ɗari awa 1, kaiwa gidan waya da bin layi awa 3. Idan daga Agege za ka nufi babban gidan waya na Marina ta gadar Third Mainland da safe, awa 3 ma an yi sassauci. Jimla awa 41.

Yanzu kuɗin awa ɗaya. Mafi ƙarancin albashin da gwamnatin jihar Legas ta sanar a 2024 naira 85,000 ne a wata. Raba shi da kwana 22 na awa 8, awa ɗaya ta kama kusan naira 480. Wannan mafarin lissafi ne kawai, domin ɗan aikin yini ba zai zo daga Mile 12 ko Idi-Araba ya biya motar zuwa da komawa daga aljihunsa ba. A ce da kuɗin mota da abinci awa ta tsaya maka naira 900: awa 41 sun zama naira 36,900, kusan naira 12 kowace wasiƙa. A kan wannan za ka ɗora rabon hayar shago, man janareto da ribarka.

Duba abin da zai faru idan wasiƙun 300 ne kacal. Aikin hannu awa 3 ne da 'yan mintoci, amma gyaran adireshi da saiti da zirga-zirga za su ci wajen awa 7. Awa 10, naira 9,000, wato naira 30 kowace wasiƙa. Wanda ya yi wa ƙaramin aiki farashin babba ya yi wa mutane aikin sadaka. Shi ya sa ya kamata a rubuta kuɗin shiri daban, kuɗin kowace wasiƙa daban.

Kayan aiki lissafinsu a fili yake. Takarda 6,000 rim 12 ce, tunda rim ɗaya 500 ne. Sayi 13 saboda lalacewa. Ambulan 3,150. Takardar manna adireshi mai gurbi 21 kana buƙatar 143, sayi 150. Tambayi farashi a Mushin ko Shomolu a ranar da za ka rubuta takardar farashi, ka kuma rubuta cewa ta mako ɗaya ce, don kuɗin takarda ba ya zama wuri ɗaya. Da damina, musamman Yuni da Yuli, laimar Legas tana sa bakin ambulan mai gam ya manne da kansa tun a cikin kwali, takarda ta yi laushi ta riƙa maƙalewa a firinta. Ambulan mai ɓare-ka-liƙe ta fi tsada kaɗan amma ta fi rufin asiri, rim kuma kada a buɗe ledarsa sai za a buga.

Nauyi ma kuɗi ne. Takardar A4 mai giram 80 a kowace murabba'in mita nauyinta kusan giram 5 ne. Guda 2 da ambulan sun kai giram 15. Ɗauki wasiƙa ɗaya da aka gama ka kai NIPOST, hukumar gidan waya, a ɗora a sikeli, a gaya maka kuɗinta da ƙa'idar aika wasiƙu masu yawa, domin ƙarin takarda ɗaya na iya tsallakar da ita zuwa farashi na gaba. Gaba ɗayan kayan kilo 45 ne, dab da buhun shinkafa, ba kayan babur ba ne; sa kuɗin mota a lissafi.

Kuɗin kan sarki kada ya fito daga jarinka ko na kwana ɗaya. Mai aiki ya biya shi cif, tare da kafin alƙalamin da zai sayi kaya, ka miƙa masa rasit ɗin gidan waya. Ya sa hannu a kan samfuri kafin a kunna firinta, a kuma rubuta cewa duk gyaran da ya kawo bayan an fara bugu kuɗinsa daban ne. Yara 4 za su gama aikin hannu cikin kusan yini ɗaya, amma gyaran adireshi ya riga shi, kuma wuta na iya ɗaukewa a tsakiya, don haka alkawarin kwana 3 za ka yi.