Sanya wa Jif Tayoyin Hunturu da Suka Ɗan Bambanta da na Asali

A lardin Kwibek na Kanada doka ta wajabta tayoyin hunturu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, kuma masu jif da yawa kan sayi ƙaramin rim domin ya fi araha. Hakan ba laifi ba ne, muddin cikakken tsayin tayar, daga ƙasa zuwa sama, bai kauce wa na asali da fiye da kashi 3 cikin ɗari ba.

Ga yadda ake lissafin. Ɗauki taya mai girman 235/60R18, irin wadda ke zuwa da wasu Honda CR-V. Faɗinta milimita 235, tsayin gefenta kashi 60 cikin ɗari na faɗin, wato 141. Ninka shi biyu, ka haɗa da rim mai inci 18 (milimita 457), ka sami 739. Taya 235/65R17 tana ba da 737, kusan babu bambanci. Ita kuwa 225/65R17 tana ba da 724, ta gaza da kashi 2: agogon gudu zai nuna 100 alhali kana tafiya a kan 98. Siririyar taya ta fi ratsa dusar ƙanƙara, shi ya sa ake sonta.

Sai dai a nan ake yawan yin kuskure. Duba lambar nauyi da ke rubuce a jikin tayar bayan lambar girman. Lamba 103 tana ɗaukar kilo 875, 102 kuwa 850. Yawancin 225/65R17 masu 102 ne, don haka idan takardar da ke liƙe a ƙofar direba ta ce 103, nemi mai alamar XL, wato mai ɗaukar ƙarin nauyi. Kada ka sauka ƙasa da abin da kamfani ya rubuta, jif mota ce mai nauyi.

Duk huɗun su zama girma ɗaya, samfuri ɗaya, cinyewarsu ma kusan ɗaya. A motar da ke ja da ƙafa huɗu, taya ɗaya da ta fi sauran gajarta za ta riƙa juyawa da sauri, na'urar da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya ta yi ta aiki ba hutu har ta yi zafi ta lalace. Gyaranta ya fi kuɗin tayoyin nesa ba kusa ba.

Kafin ka biya, sa bakanike ya gwada rim ɗin a ƙafar gaba, domin mai inci 17 na iya gogar birki. Ramukan noti su dace, kuma a murɗa sitiyari har ƙarshe hagu da dama a ga ko tayar na taɓa jiki. Tabbatar akwai tambarin tsauni mai kai uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a gefen tayar, alamar tayar hunturu ke nan.

Auna iska da safe, don sanyi na rage ta. Bayan tafiyar kilomita 100, a sake ɗaure notunan.