Darasi na Tara: Filtar Iska a Hanyar Ƙura, ta Takarda ko Mai Wankuwa?

Injin mota ya fi shan iska a kan mai. Kafin ya ƙona lita ɗaya ta fetur, sai ya zuƙi iska tsakanin lita 9,000 da 10,000. Duk abin da ke cikin wannan iska, in ba a tare shi a hanya ba, cikin injin zai sauka.

Iskarmu kuwa ba ta rabuwa da ƙura. Daga watan Nuwamba zuwa Maris hunturu na kwaso ta daga hamada, da yawa daga cikinta daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, inda wani babban tafki ya ƙafe tun zamanin da. Ga kuma ta ƙasa, wadda taya ke tayarwa a hanyar burji. Direban da ya bi bayan tifa ranar kasuwar ƙauye ya san ta, don har a haƙoransa yake jin ta.

Wannan da ake ji a haƙori yashi ne mai laushi, kuma ya fi ƙarfen injin tauri. In ya shiga silinda sai ya haɗu da baƙin mai, fistin na hawa yana sauka, yashin na goge ringi da bangon silinda a hankali. Ba a ganin ɓarnar a rana ɗaya. Sai an kwana biyu mota ta fara shan baƙin mai, salansa na fitar da shuɗin hayaƙi, ƙarfi ya ragu a hawan tudu. Daga nan sai sauke injin.

Abin da ke tsaye tsakanin ƙura da injin shi ne filtar iska, wadda a gareji ake ce wa iya-kilina.

Filtar takarda

Buɗe bonet, ka nemi wani baƙin akwatin roba da ke da babban tiyo mai tafiya zuwa injin. Ɓalle maƙalan gefensa, ka ɗaga murfin. Za ka ga takarda fara ko ruwan ƙwai, an nannaɗe ta lanƙwasa bayan lanƙwasa, da roba mai laushi zagaye da bakinta. An lanƙwasa ta ne don takarda mai faɗi ta samu shiga ƙaramin wuri. Robar bakin kuma ita ke toshe gefe, ta hana iska zagayewa ta bayan fage.

Aikinta irin na rariyar laushi ne: iska ta wuce, ƙura ta tsaya. Amma akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba. Filtar da ta ɗan kama ƙura ta fi sabuwa fil tacewa, saboda ƙurar farko da ta kwanta tana ƙara matse ƙofofin. Don haka ganin ta yi ja ba shi ne ta mutu ba. Ta mutu ne idan ta toshe har injin ya fara shaƙewa, ko ta huje, ko ta jiƙe, ko robar bakinta ta bushe ta tsattsage.

Ba a wanke ta, ba a shafa mata mai. In ruwa ya taɓa takardar, ta lalace ko da ta bushe.

Sai maganar hura ta da iska, wadda ta zama al'ada a wurinmu. Direba zai tsaya wurin mai faci, yaro ya ɗauki tiyon iska ya manna bakinsa a jikin takardar, ƙura ta tashi buɗus, kowa ya ji daɗi wai an yi aiki. Wannan iska mai ƙarfi tana yaga takardar a ƙasan lanƙwasa, inda ido ba ya kaiwa. Filtar ta koma mazauninta fes a ido, alhali ta zama buɗaɗɗiyar ƙofa. In tafiya ta kama ka a daji kuma babu sabuwa, ka kife ta ka bubbuga gefenta a tafin hannunka a hankali. In kuma dole sai an hura, a hura daga ɓangaren da ke da tsabta zuwa waje, daga nesa, da iska marar ƙarfi. Bayan haka ka shiga wuri mai duhu ka haska tocila ta bayanta. Ko ɗigon haske ɗaya ka gani ya ratso, jefar da ita.

Littattafan motoci da yawa suna cewa a canza ta bayan kilomita 15,000 zuwa 30,000. Wannan lissafin hanyar kwalta ne. Littattafan da kansu sun ce mai bin hanyar ƙura ya riƙa dubawa da canzawa tun kafin nan.

Filta mai wankuwa

Wannan iri uku ce, kuma bai kamata a haɗa su a yi musu hukunci ɗaya ba.

Ta farko ta auduga ce, 'yan shimfiɗu na ƙyalle a tsakanin ragar waya, an jiƙa su da wani mai na musamman. Wadda ta fi suna ita ce K&N ta ƙasar Amurka, wadda manta ja ne, wadda ta samo asali daga masu tseren babur. Ƙofofinta sun fi na takarda faɗi, shi ya sa iska ke wucewa da sauƙi. Man da ke jikinta ne ke kama ƙura. Mai sayarwa zai ce maka ka saya sau ɗaya ka huta, kuma mota za ta ƙara ƙarfi. Ƙarin ƙarfin kaɗan ne ƙwarai, mai tseren mota ne zai damu da shi, ba mai lodin buhunan masara ba. Ƙura mai laushi kuwa ta fi samun hanya a jikinta fiye da a takarda mai kyau.

Hutun ma da ake faɗa, babu shi. Ga yadda wankinta yake. A fesa mata ruwan wankinta, a bari ya jiƙa, a ɗauraye daga ɓangaren tsabta zuwa waje da ruwa marar ƙarfi. A ajiye ta ta bushe da kanta, ba wuta, ba iskar mai faci, kuma hakan kan ci awoyi. Sai a bi kowace lanƙwasa da mai daidai kima, a jira ya ratsa. Duk tsawon lokacin nan mota na tsaye. In man ya yi kaɗan, ƙura ta wuce. In ya yi yawa, iska ta kwashe shi ta shafa wa sensar da ke auna iska a cikin tiyon motocin zamani, mota ta fara gardama, fitilar injin ta kama a dashbod. Man nata kuma ba a kowane gari ake samun sa ba. Da ya ƙare sai ka ga an wanke ta da fetur an mayar a bushe, kuma wannan ya fi komai muni.

Ta biyu ta soso ce, wadda ke cikin babura da yawa da ƙananan janareto. Ita wannan tana aiki sosai a ƙura, muddin akwai mai a jikinta. A wanke ta da kananzir ko ruwan omo, a matse a tafin hannu, kada a murɗa ta kamar wanki don tana yagewa. In ta bushe a ɗiga mata sabon baƙin mai, a mulmula har ya game ko'ina, a matse rarar. Ta zama da danshin mai, amma ba ta ɗiga. Busasshen soso ba ya tare komai sai ƙwari da ciyayi. Mai babur da ke bin ƙauyuka da hunturu, duba ta duk mako bai yi yawa ba.

Ta uku tsofaffin direbobi sun san ta: tukunyar mai ce, irin ta tsohuwar Land Rover da tsofaffin taraktocin Massey Ferguson. Iska na bugar man da ke ƙasan tukunyar, ƙura ta nutse ta zama laka. A zubar, a wanke, a zuba sabon mai zuwa layin da aka zana. Wanda ke da ita ya riƙe ta da kyau, amma yanzu ba a cika yin ta a motoci ba.

Wacce za ka zaɓa?

Dubi injinan da suka fi kowa shan ƙura: gireda, katafila, tirela, taraktocin yanzu. Masu ƙera su busasshiyar filta irin ta takarda suke sa musu. Da yawa ma biyu ce, babba a waje, ƙarama a ciki. Ta cikin ba a kakkaɓe ta ko kaɗan, canza ta ake yi. Akwai kuma ɗan ma'auni a jikin akwatin da ke yin ja idan lokacin canji ya yi. Motocin da ke ratsa hamada ta Agadas kuwa, za ka ga wasu da dogon bututu a gefen gilashi, yana ɗebo iska daga sama inda ƙurar taya ba ta da kauri, wani lokaci da ɗan kwano a kansa mai juya iska ya zubar da yashi mai nauyi tun kafin ya kai ga filta.

Saboda haka ga motar haya, a-kori-kura da motar gida masu bin hanyar ƙura, shawarar wannan darasi ita ce ta takarda mai kyau, da wata a ajiye a but cikin ledarta. Ta auduga sai ga mai bin kwalta, mai lokaci, wanda zai yi wankin da hannunsa kuma yana da man. Babur da janareto su zauna a kan sosonsu.

Wani direba ya kawo motarsa gareji tana shan baƙin mai.

"Maigida, wallahi ban taɓa wasa da iya-kilina ba. Watan jiya ma na sa sabuwa."

Bakaniken ya zaro ta, ya jujjuya, ya danna robar bakin da babban yatsa. Ta yi tauri, kuma wani gefen bai kai bangon akwatin ba.

"Malam, a ina ka saye ta?"

"A bakin tasha. Rabin kuɗi aka ba ni."

"To ka ga inda ƙurar ke bi. Takardar ma ba ta yi datti ba, don iskar ba ta cikinta take wucewa ba."

Jabu ta fi kowace irin filta kashe injin. In za ka saya, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ne, ko a Panteka ta Kaduna, ko a shagon garinku, tafi da tsohuwar a hannu. Ɗora su tare, tsawo da faɗi su zo ɗaya. Ƙirga lanƙwasa, don ta jabu ba ta kai yawan ta ainihi ba, takardarta kuma shara-shara ce. Danna robar, ta kasance mai laushi tana dawowa.

Wurin sawa, fara goge cikin akwatin da ɗanyen tsumma, kana kiyaye kada datti ya faɗa bakin tiyo. Zaunar da filtar daidai, rufe murfi, ka tabbata kowane maƙali ya kama. Akwatin da maƙalinsa ya karye aka ɗaure da waya ko robar taya, gyara yake so kafin sabuwar filta. Bi tiyon da hannunka har zuwa injin, ka lanƙwasa shi kaɗan ko za ka ga tsaga.

Aikin aji

1. A ce filtar takarda naira 8,000 ce, kuma direba na canzawa sau huɗu a shekara. Nawa ya kashe? A ce ta auduga naira 60,000 ce, ruwan wanki da manta kuma naira 20,000. Shekara nawa zai yi kafin kuɗin su zo ɗaya? Ku tambayi bakanikenku kuɗin canza ringi a yau, ku rubuta shi a gefe.

2. Me ya sa ba a mayar da soso a bushe?

3. Kowa ya samo farin ƙyalle. A motar da aka ba ku izini, ku kashe injin, ku cire filtar, ku goga ƙyallen a cikin tiyon da ke bayanta, ɓangaren da ke tafiya injin. Ku kawo ƙyallen aji mako mai zuwa, tare da sunan irin filtar da kuka tarar a ciki.