Yadda za ka zaga Toledo ba tare da tudu ya karya maka gwiwa ba

Toledo, wanda Larabawa ke kira Ɗulaiɗula, yana kan tudun dutse ne a tsakiyar Sifaniya, kogin Tajo ya kewaye shi ta ɓangare uku. Tudun nan shi zai tsara maka yininka. Ka hau shi sau ɗaya tun da safe, sauran tafiyar ta zama gangara.

Daga Madrid ka shiga jirgin ƙasa a tashar Atocha, tafiyar minti 33 ce. Ka sayi tikitin zuwa da na dawowa tun kwana biyu kafin ranar, domin kujeru a ƙidaye suke kuma jiragen yamma sukan cika. In ka rasa, akwai bas daga Plaza Elíptica, kusan awa ɗaya.

Tashar jirgin tana gindin tudu, a tsallaken kogi. Ka taka zuwa gadar Alcántara ka kalli garin daga ƙasa, amma kada ka bi matakalar dutsen da ke bayanta, musamman in da tsoho ko yara a tare da kai. Ka nemi matakalar lantarki ta Safont, kyauta ce, za ta ajiye ka kusa da dandalin Zocodover. Sunan daga Larabci yake, suƙud dawabbi, wato kara, inda ake cinikin dabbobi a da.

Fara da masallacin Babul Mardum, wanda a taswira za ka gani da sunan Cristo de la Luz. An gina shi a 999. Ɗan ƙarami ne, kamar mita 8 kowane gefe, mutane da yawa sukan leƙa su fice cikin minti biyar. Kada ka yi haka. Tsaya tsakanin ginshiƙai huɗun ka ɗaga kai: ƙubbobi tara ne, kowace da irin saƙar bakanta. A waje kuma ka duba rubutun Kufi da aka fitar da jan bulo a saman bango. Bayan Sarki Alfonso na 6 ya ci garin a 1085 aka mai da masallacin coci, yanzu gidan tarihi ne, ba a salla a ciki.

Daga nan sai babbar majami'a, wadda aka soma ginawa a 1226, ka ba ta awa ɗaya da rabi. Sai ka gangara yamma ta unguwar Yahudawa har gadar San Martín. In za ka shiga wurare fiye da uku, tikitin ɗaurawa a hannu da ake kira pulsera ya fi araha, yana buɗe maka wurare bakwai, amma ban da babbar majami'ar.

Duwatsun daɓen titi sun goge, silifas kan zame a kai, sa takalmi mai kama ƙasa. A Yuli da Agusta zafi kan kai digiri 40, ka riƙe gorar ruwa ka fake daga azahar zuwa la'asar. Yawancin gidajen tarihi na gwamnati ba sa buɗewa ranar Litinin. Wajen abinci ka kiyayi carcamusas, naman alade ne. Mazapán kuwa almon ne da sukari. In ka sayi takobi ko wuƙa, ka sa shago ya aika maka, don ba za ta shiga jakar hannu a jirgin sama ba.

Kafin magariba ka ɗauki tasi zuwa Mirador del Valle a tsallaken kogi, inda garin duka ke gabanka. Ka gaya wa direba ya jira, samun motar dawowa daga can yana da wuya.